Zafin kwano: in sayi kilim ko in gyara saman ɗaki?

Abban_Hafsa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Gidana yana unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ginin siminti ne da rufin kwano, akwai silin na katako a ƙasa. Daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan fari ɗakunan ba su shiguwa da rana, da dare ma tsakar gida muke kwana. Na ɗan tara kuɗi da niyyar sayen kilim, wato injin sanyaya ɗaki, sai wani abokin aikina ya ce in dakata, in fara gyara tsakanin kwano da silin tukuna: a shimfiɗa abin da ke tare zafi bisa silin, a kuma sa takardar alminiyam mai ƙyalli ƙarƙashin kwanon. Kuɗin ba za su isa in yi duka biyun a bana ba. Akwai wanda ya taɓa yi? Yana aiki da gaske, ko dabarar ƙasashen sanyi ce da ba ta san ranar Maraɗi ba?

DanGoulbi88:
Wa alaikumus salam. Malam sayi kilim ɗinka ka huta. Takarda ce za ta tare ranar Afrilu?

Maman_Sadiya:
DanGoulbi, kilim ɗin da iska yake aiki? Lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne lokacin da wutar ta fi yin wasan ɓuya. Mu muna da shi a ɗaki ɗaya, in an ɗauke wuta kafin ka gama alwala ɗakin ya koma yadda yake. Ga kuɗin wuta a ƙarshen wata, maigida har ya daina buɗe takardar a gabana.

Injiniya_MDI:
Abban Hafsa, abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma akwai sharuɗɗa, kuma a wurin sharuɗɗan nan ne mutane ke zubar da kuɗinsu. Bari in ɗan yi tsawo.

Da tsakar rana, in sama ta washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi ke nan wat 16,000 ke sauka a kansa. Ba duka ke shiga ba, wani kwanon ya mayar, wani iska ta kwashe. Amma ku riƙe wannan: kilim mai doki ɗaya da rabi, zafin da yake iya fitarwa daga ɗaki bai wuce wat 3,500 ba, kuma yana cin wuta sama da wat 1,000 kafin ya yi hakan. To in rufinka yana zuba zafi ba tare da wani shamaki ba, injin zai wuni yana gurnani bai huta ba, kai kuma kana biya.

Ranar da ma'auni ya nuna digiri 41 ko 42 a inuwa, shi kwanon kansa yana iya haura 70. Yawancin zafin da ke sauka daga gare shi zuwa silin ba iska ke kai shi ba, feso shi kwanon yake yi kai tsaye. Ka tsaya kusa da garwashin mai tsire, fuskarka na jin wuta alhali ba ka taɓa komai ba, in wani ya gitta tsakaninku nan take ka ji sauƙi. Aikin takardar alminiyam ke nan. Ƙarfe mai fenti ko mai tsatsa yana feso kusan kashi 90 cikin 100 na abin da zai yiwu a feso a wannan zafin, alminiyam mai ƙyalli kuwa kashi 5 ne ko ƙasa da haka.

Sharaɗin farko, dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, aƙalla santimita 2 na iska. In ka matse ta tsakanin kwano da katako, ko ka ɗora wani abu a kanta, ta tashi aiki, don alminiyam yana wuce da zafi da sauri in ana taɓa shi. Na biyu, a nan garin ƙyallin ya kalli ƙasa, ba sama ba. Na uku, iskar da ke cikin saman ta sami hanyar fita.

DanGoulbi88:
Injiniya, me ya sa ƙasa? Ai rana daga sama take. Hankali ya ce madubi ya kalli rana.

Injiniya_MDI:
Rana ba ta ganin takardar, kwano ya rufe ta. Abin da muke so shi ne kada ita takardar ta feso zafi zuwa silin, kuma fuskar da ke kallon ƙasa ce ke hana wannan. Sannan ga ƙura. In ka shimfiɗa ta bisa silin tana kallon sama, hazon hunturu ɗaya ya isa ya lulluɓe ta, kuma da ƙura ta hau ƙyallin ya mutu. Wadda ke kallon ƙasa ƙura ba ta zama a kanta.

Kafinta_Sule:
Gaskiyar Injiniya ce a kan ƙura. Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin a garin nan ya san ana iya shuka gero a ciki. Na sa wa mutane takardar nan, a sabon gini abu ne mai sauƙi: a shimfiɗa ta bisa katakon rufi, a bar ta ta ɗan yi ciki, sannan a buga kwano. Tsohon gini ne wahala. Ko dai a cire kwano, ko mutum ya shiga ciki yana rarrafe. Ni ba na tura yaro ciki bayan hantsi, ko nawa za a biya.

Hajiya_Zariya:
To ni tambayata, wannan takardar ita ce wadda muke naɗe kifi da kaza da ita?

Kafinta_Sule:
A'a Hajiya, ƴar uwarta ce dai. Ta gini tana da kauri, an manna ta a jikin leda ko saƙa, wata da ƴan kumfa-kumfa a tsakiya. Ta girki da kin ja ta yage.

Malam_Lekol:
Na ɗan bincika kafin in sa baki. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce irin wannan takardar tana rage kuɗin sanyaya gida da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wurare masu zafi da rana. Kashi 10 fa, Injiniya. In haka ne DanGoulbi bai yi nisa da gaskiya ba.

Injiniya_MDI:
Malam, adadin daidai ne, amma dubi gidajen da aka auna. Nasu tun farko akwai abin tare zafi mai kauri shimfiɗe bisa silin, takardar ƙari ce kawai a kan abin da ya riga ya yi yawancin aikin. Mu kuma tsakaninmu da kwano katako ne da bai kai kaurin yatsa ba. Inda babu komai, abu na farko da aka sa shi ke kawo babban bambanci. Amma maganarka ta tuna mini abu guda: in kwanon Abban Hafsa sabo ne wanda ba a yi wa fenti ba, cikinsa na ƙyalli, to shi kansa yana yin wani ɓangare na aikin, ribar takardar za ta ragu. In tsoho ne ya dushe, ko mai fenti ciki da waje, nan ne take nuna kanta.

In ni ne ma, shimfiɗar bisa silin zan fara. Audugar gilashi mai kaurin santimita 10 ta fi kankare mai kaurin mita 2 hana zafi wucewa. Ita ba ruwanta da ƙura. Abin da ba ta so biyu ne, ruwa da dannewa. In kwano na yoyo a toshe kafin a sa ta. Mai sa ta kuma ya rufe hanci da hannu, tana da ƙaiƙayi.

Baba_Bagobiri:
Ku yara kuna ba ni dariya. Mun tashi cikin soro, azara ta giginya, a jera itace, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe. Da azahar ka shiga ka yi barci har da mayafi a ƙafa. Ku kunka ce ƙauyanci ne, kunka rushe, kunka buga kwano, yanzu kuna neman audugar gilashi daga ƙasar waje ku tare abin da kunka jawo da kuɗinku. Allah shi kyauta.

Maman_Sadiya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba a musu da ku. Amma ku faɗi ɗaya gefen. Yaɓe duk shekara kafin damina, gara na cin azara, kuma giginyar ma yanzu ina take? Damanar 2024 kowa ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a garin nan. Wanda ya kwana yana tare ruwa da roba ba zai ga laifin kwano ba.

Baba_Bagobiri:
Ɗiyata, waɗanda sunka zube yawanci tushe ne babu, ko an gina su kan hanyar ruwa. Ba ƙasar ce da laifi ba.

Dalibar_Gini:
Ina ganin Baba da Maman Sadiya duk suna da gaskiya, kuma akwai masu ginin da suka haɗa biyun. Francis Kéré na Burkina Faso, makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, rufin ƙasa ya yi wa azuzuwan, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, iska na ratsawa tsakani. Kwanon na tare ruwa da rana, ƙasar na tare zafi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. A nan gida ma Mariam Issoufou Kamara ta yi aiki da tubalin ƙasa da aka matse da inji a masallaci da ɗakin karatu na Dandaji, cikin jihar Tawa. Ga kuma gini marar katako, mai ƙubba da baka, da aka daɗe ana koya wa magina a ƙasar nan tun shekarun 1980. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai kuɗinmu in ya tashi gini hoton gidan Dubai yake kai wa magini, gilashi ta ko'ina yana kallon yamma.

DanGoulbi88:
Duk mun ji. Amma mutumin nan gidansa a gine yake, ba rushewa zai yi ya kira ɗan Burkina ba.

Mai_Gyaran_Wuta:
Kafin kowa ya hau sama da takardar nan, ku saurare ni. Alminiyam yana ɗaukar wuta. Saman silin ɗinmu kuwa kun san yadda yake, wayoyi a warwatse, an haɗa an naɗe da salatif, ɓera ya ci rabi. In ƙusa ta huda waya ta haɗa da takardar, rufin gaba ɗaya ya zama tarko. Ba tatsuniya ba ce. A Ostireliya gwamnati ta yi shirin sa wa gidaje abin tare zafi a 2009, matasa ma'aikata huɗu suka rasu, uku wuta ce ta kama su, ɗaya zafin cikin rufin ne ya kashe shi, aka dakatar da shirin a Fabrairun 2010. To a kashe wuta daga mita kafin a hau, a sa wayoyi cikin bututu, kuma kada a lulluɓe waya ko kan fitila da auduga, tana ɗumama.

Farin soson nan kuma da ake tallafe firiji da talabijin da shi cikin kwali, na ga masu jera shi bisa silin. Yana tare zafi sosai, ban musa ba. Amma in ya kama wuta narkewa yake yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ƙirin mai guba. Ni ba zan kwana da yara ƙarƙashinsa ba sai in an rufe shi da filasta.

Dan_Tibiri:
Mu talakawa fa? Ni ɓawon gyaɗa na zuba cikin buhuna na jera bisa silin. Wallahi an ji bambanci, ɗakin ya daina dukan kai da rana. Sai dai ɓeraye sun ɗauka gidan biki na buɗe musu.

Kafinta_Sule:
Hahaha. Dan Tibiri ka yi sa'a silin bai sauko maka ba. Siririn katakon nan bai ɗaukar nauyi, in ɓawon ya sha danshin damina sai ya yi ciki. Ga gara.

Injiniya_MDI:
Dabarar Dan Tibiri ba ta banza ba ce. Duk abin da ke riƙe iska a tsaye cikin ƙananan ramuka yana tare zafi, ko ɓawon gyaɗa ne, ko ƙaiƙayi, ko kara. A Senegal ana sarrafa kacalla a yi allunan rufi da ita saboda wannan. Matsalar ita ce wuta da ƙwari da ɓera, kuma waɗannan ba ƙananan matsaloli ba ne. Garin da ke da gyaɗa kamar namu, da wani zai zauna ya gano yadda za a gauraya ɓawon da ƙasa ko farar ƙasa a yi allo mara nauyi, da ya ci kasuwa.

Ummu_Aiman:
Ba wanda ya ambaci farin fenti. Ƙanen maigidana ya shafe kwanonsa da fari, ya ce da rana yana iya ɗora hannu a kai, alhali na maƙwabcinsa ba ya taɓuwa. Ba a shiga cikin rufi, ba ruwanka da waya.

Malam_Lekol:
Wannan ita ce mafi araha a duk abin da aka faɗa, in dai fentin na kirki ne. Farar ƙasa ruwan farko ke wanke ta. Fentin ma jar ƙurarmu tana rage masa haske, sai ana wankewa bayan hunturu. Abin mamaki, masu sayen kwano mai launi yanzu baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa suke zaɓa don ya fi kyau a ido. Ka biya kuɗi mai yawa ka sayi wanda ya fi shan rana.

Dan_Haya:
Ku masu gida kuna ta shawara. Mu da ke haya fa? Na ce wa mai gidanmu ko silin ya sa mana, ya ce in zafi ya dame ni in fita waje akwai iskar Allah kyauta.

Hajiya_Zariya:
Ɗana, ka yi masa tayin ka sa da kuɗinka a riƙa cirewa a haya. Wasu suna yarda. In ya ƙi, zana ko karan dawa bisa kwano daga waje ma tana rage wa, haka muke yi a ɗakin girki. Ka ɗaure da kyau, ka sauke kafin ruwa, in ba haka ba iskar farkon damina ta kai wa maƙwabta, abin da ya rage kuma ya riƙe danshi ya ci kwanon.

DanGoulbi88:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Duk abin da za ku shimfiɗa, in waje 43 ne ciki ba zai zama 25 ba. Sanyi sai inji.

Injiniya_MDI:
A nan ban ƙi taka ba. Abin tare zafi ba ya ƙera sanyi. Iyakarsa ya hana ɗaki ya fi waje zafi, ya kuma hana silin gasa maka kai. Wanda ke son 25 a watan Mayu sai kilim. Amma ka ga, ɗakin da aka gyara samansa ƙaramin inji ya ishe shi, yana kuma samun hutu, in an ɗauke wuta sanyin ya ɗan jima. Kuma fanka, mai cin wat 60 ko 70, tana komawa mai amfani, don ba iskar da ta gasu a jikin silin take turo maka ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba ɗazu. Zafin dare da Abban Hafsa ya yi kuka da shi, ba na kwano ba ne kaɗai. Kwano da rana ta faɗi yake hucewa. Bulon siminti ne ke shan rana wuni guda, musamman bangon yamma, ya riƙa sakinta cikin ɗaki har tsakar dare. Audugar da ke sama ba ta maganin wannan, hasali ma tana iya riƙe shi a ciki in tagogi na rufe. Sai an yi wa bangon inuwa, rumfa ko dogon yaro, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna da dare, a rufe da safe.

Sola_Bagalam:
Ku tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Mai kilim da marar kilim duk tabarma ɗaya suka shimfiɗa a waje. Tun lokacin mutane suka koma sola. Kuma farantan in an ɗaga su kaɗan bisa kwano suna yi wa wurin inuwa, riba biyu.

DanGoulbi88:
Wa ya jawo aka yanke ɗin? Bari in yi shiru.

Shugaban_Zaure:
Yi shirun, DanGoulbi. Maganar rufi ake, siyasa tana da nata zauren.

Maman_Sadiya:
Injiniya ya ce a bar wa iska hanyar fita. Ina jan kunne: maƙwabtanmu sun buɗe ramuka a bangon sama ba su sa raga ba, jemagu suka tare a ciki. Warin kashinsu da zafi ba a magana.

Kafinta_Sule:
Ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ba ta roba ba. Ramukan kuma wasu a ƙasa wajen bakin kwano, wasu can sama kusa da ƙololuwa, don iska mai zafi sama take nema. In duk a layi ɗaya suke ba ta zagayawa sosai. Yawancin maginanmu suna toshe bakin kwano da siminti ruf saboda iska kada ta ɗaga rufi, shi ya sa saman ke zama a kulle. Ana iya barin ramukan a ɗaure rufin da ƙarfe yadda ya kamata.

Abban_Hafsa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na hau na leƙa da asuba. Kwanon tsoho ne, cikinsa ya dushe, babu ko rami ɗaya na iska, wayoyin kuma yadda Mai Gyaran Wuta ya faɗa suke. Abin da nake tunani: in gyara wayoyi, in buɗe ramuka da raga, in sa audugar a ɗakin yara da namu, in shafa farin fenti. Takardar alminiyam in bari sai ranar da zan canja kwano. Uwargida dai ta ce ita kilim aka yi mata alkawari.

Hajiya_Zariya:
Tana da gaskiya. Alkawari kaya ne.

Injiniya_MDI:
Tsarin ya yi, sai dai da kwano ya dushe haka ni da ban jinkirta takardar ba. Amma in ka yi fentin, kwanon ba zai yi zafin da yake yi ba, buƙatarta ta ragu. Kada dai ka bari sai Afrilu, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma lokacin ba mai shiga maka rufi.

Baba_Bagobiri:
Ka shuka itace yamma da ɗakin. Shi ba ya son wuta, ba ya son kafinta.

Dan_Tibiri:
Kafinta Sule, silin na roba fa, irin mai tsagi-tsagin nan, zai ɗauki audugar ko shi ma sai an ƙara katako?

Kafinta_Sule:
Audugar ba ta da nauyi, amma kar ka dogara da robar. A ja waya ko a ƙara sanduna ta kwanta a kansu. Ya danganta da tazarar katakon da aka buga maka tun farko, auno ka faɗa mini.